Turmin da Kakana Ya Hau

Akwai wani tsagaggen turmi a bayan ɗakina, ko gero ba ya riƙewa. Jiya surukata ta ɗauko gatari za ta faskara shi, na ce maza ta ajiye. Ba ta san abin da ya taɓa ɗauka ba, bari kai ma in gaya maka.

Ina ƙarama, a ƙauyenmu kusa da Malumfashi, kakana ne ke hawa tebur yana yi wa 'yan adawa lacca ranar kasuwa. Ba lasifika, ba takarda. Da salati yake farawa, don ya san ba mai surutu a kansa. Kasuwa na yin tsit sai ya shiga tambaya. Wa ya nome gandun dagaci bana? A ce mu ne. Wa ya ci? Sai kowa ya sunkuyar da kai.

Wata shekara, lokacin ɗibar auduga, dagaci ya aiko cewa in ya sake hawa tebur, sai gidan yari. Ranar kasuwa 'yan doka suka ɗauke teburin, suka gargaɗi mahauta kada su ba shi aron nasu. Kakana kuwa gajere ne, a ƙasa ko hularsa ba a hangowa.

Kakata ce ta zazzage dawar da take surfawa, ta mirgino turminta har gindin tsamiyar kasuwa, ta kife shi. Aka kwashe da dariya, don amarya aka saba zaunarwa kan kifaffen turmi, ba dattijo mai furfura ba.

"Malam, hau," ta ce. "Mutane na jira."

Ya hau. Bai zagi kowa ba. Magidanta ya riƙa nunawa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa kwana nawa ya yi a gandun wani, tasa gonar ciyawa na cinye ta. Bai gama ba suka fizgo shi, wani ɗan doka ya maka turmin da ƙasa ya tsage. Na tsorata, na yi kuka. Har damina ta wuce yana tsare, amma a daminar nan ba wanda ya kai fartanya gandun dagaci.

Yanzu 'yan takara kan zo da motoci da lasifika mai toshe kunne, su karanta abin da wani ya rubuta musu, su tafi ba su tambaye mu komai ba. Ni ba na zuwa. Surukata ta nemi itace wani wuri. Muddin ina numfashi, turmin nan ba zai shiga murhu ba.