Sai-Na-Auna da Hayaƙin Gwaggo

Kullum ƙarfe bakwai na safe sai ka ji kukan ƙofar garejinsa. Shekara arba'in ke nan ƙofar tana wannan kuka, mutumin da ke gyara injin kowa bai taɓa ɗiga mata mai ba, wai da ita 'yan layi ke sanin ya iso. Zai share ƙasa, ya shimfiɗa tsumma a kan tebur, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, sannan ya buɗe wani ɗan akwatin katako ya fito da ma'auninsa, ya hure shi, ya goge da gefen riga. Sai bayan nan yake amsa gaisuwa.

Sunansa na gaskiya ya ɓace tuntuni, Sai-Na-Auna kowa ke ce masa. Ka kawo masa babur ka ce fulogi ne, ya ce sai ya auna. Ka ce ana jiranka a wurin aiki, ya ce sai ya auna. An taɓa tambayarsa ko za a yi ruwa yau, ya ɗaga kai ya dubi sama, kafin ya buɗe baki muka haɗa baki muka faɗa masa. Masu gaggawa duk sun gudu sun bar shi. Waɗanda suka rage su ne masu tsofaffin babura, irin waɗanda kamfanin da ya ƙera su ma ya manta da su.

A ƙarshen watan nan zai rufe garejin. Hannunsa na dama ya fara rawa, shi kuwa mutum ne da bai yarda da kuskure ko na kaurin gashi ba. Shi ya sa nake so mutane su ji labarin aikinsa na ƙarshe, kamar yadda waɗanda aka yi a gabansu suka ba mu.

Gwaggo babur ne, amma tun da aka laƙaba masa wannan suna kowa "ita" yake cewa, don tana tari da safe, kuma ba ta tashi sai an lallaɓa ta. Mai ita tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya shekara talatin yana raba wasiƙu a kanta, har yau Masinja ake ce masa. Gwiwoyinsa sun gama aiki, daga ƙofar gida zuwa bakin titi sai ya huta sau biyu. Allah ya taimake shi gidansa a kan gangare yake, sai ya sake ta ta gangaro ta tashi da kanta. Da ya hau kuwa gari duka nasa ne: ya je dubiya, ya leƙa jikoki, ya sauka wurin tsofaffin abokansa a yi ta musu. In babu Gwaggo, babu Masinja sai a kujerar ƙofar gida.

Matsalar ita ce hayaƙi. In Gwaggo ta wuce, mata su ruga su kwashe shanya, mai shago ya rufe tagarsa. 'Yar Masinja ma'aikaciyar jinya ce, mace mai magana ɗaya. Ranar da ta saurari ƙirjin mahaifinta ta ji abin da ke ciki, sai ta cire abin sauraron daga kunne ta ce, "Baba, ko dai hayaƙin nan ya tsaya kafin ƙarshen wata, ko in kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su ɗora ta a sikeli." Ba ƙeta ba ce, tsoro ne ya sa ta faɗi haka, kuma shi ma ya sani.

Makanikai uku suka duba ta, ukun duka suka ce ringi ne, wato zobban fistan, ukun duka suka canza, hayaƙi ya ce bai san zance ba. Saura kwana tara Masinja ya shigo garejin Sai-Na-Auna, ya sauka yana tari, Gwaggo tana taya shi.

"Makanike, ringi ne ko?"

Kun san amsar. Ya sa tsohon ya hau gangaren nan ya sauko har sau uku, shi yana tsaye a gindin gangare, hannu a baya, yana shanshana iska. Ya lura hayaƙin shuɗi ne, kuma ya fi turnuƙewa da zarar an saki totur. Ya koma gareji ya kwance kan injin, ya zare sifirin ɗin da ke riƙe bawul, ya kama bawul ɗin da yatsu biyu ya girgiza. Bawul ɗin ya yi ta rawa kamar haƙorin tsoho.

"Ka ga ɗan bututun nan da bawul ke hawa da sauka a cikinsa?" in ji shi. "Gaid muke ce masa. Ya cinye, ya yi faɗi. Ta nan baƙin mai ke zurarewa ya faɗa wuta. Ringinka lafiyarsu lau, sau uku ana yi musu sharri."

"To a sayo sabo mana."

"A wurin wa? Wanda ya sayar da na ƙarshe jikokinsa sun yi furfura."

Kwana biyu ya yi a gaban injin sassaƙa ƙarfe, ya fitar da gaid biyu daga guntun tagulla. Ya sassaƙa kaɗan ya auna, ya jira hannun ya lafa, ya sake sassaƙawa. Uku ya zubar kafin ya sami biyun da ya yarda da su. Amma babban aikin yana gaba. Gaid ba ya shiga raminsa da ƙarfin tsiya. Sai an gasa kan injin ya buɗe, an sanyaya gaid ya tsuke, sannan a buga shi cikin 'yan daƙiƙu. Wutar gawayi ba ta gasa ko'ina daidai, kan Gwaggo kuwa tsoho ne, in ya tsage babu na biyunsa. Wuri ɗaya ne a duk layin ke da zafin da ake so, wato obin ɗin matarsa.

Matarsa kek take gasawa ta sayar, kuma tana da doka ɗaya tak: abin da ya taɓa baƙin mai ba ya tsallake ƙofar kicin ɗinta. Dokar ta samo asali ne shekara talatin baya, ranar da kek guda sittin suka fito suna ƙanshin gareji. Tun daga nan Sai-Na-Auna ya koma ɓarawo a gidansa. In irin wannan aiki ya taso, sai ya jira ta tafi kasuwa, ya zaro wani tsohon faranti da ya ɓoye a bayan kabad, ya yi abin da zai yi, ya goge sawu.

Wannan karon ya wanke kan injin sau huɗu da sabulu, ya naɗe gaid ɗin a leda ya tura cikin firiza bayan bota, ya ajiye Masinja a ƙofar gida ya yi gadi. Suka yi alkawari in ya hango ta zai yi tari. Ba wanda ya tuna cewa Masinja tari yake yi dama tun safe. Sau biyar makaniken ya fito a guje, ya tarar ba kowa. A na shida ya ce ba zai fito ba, ya ci gaba da leƙen obin. Da ya juyo sai ga ta a bakin ƙofa, jakar kasuwa a hannu, mai gadi a bayanta yana ta tari yana nuna ta da yatsa.

Ta ajiye jaka. Ta buɗe firiza ta ɗaga ledar ta duba, ta mayar. Ta sunkuya ta leƙa obin.

"Malam, nawa ka murɗa wutar?"

"Ɗari da hamsin," ya ce a ƙasa-ƙasa.

"Ka auna?"

Masinja ya rantse mana cewa har tarinsa tsayawa ya yi. Shekara arba'in makaniken nan yana yi wa duniya wannan magana, ga shi an yi masa ita a kicin.

"Obin ɗin nan maƙaryaci ne," ta ce, tana ɗauko ma'aunin zafinta daga durowa. "Bayansa ya fi gabansa zafi nesa ba kusa ba. In ba a juya faranti ba, gefe ɗaya ya ƙone, gefe ɗaya ɗanye. Sau bakwai kana gasa kawunan mutane a nan, ko sau ɗaya ba ka juya ba, Allah ne kawai yake rufa maka asiri."

"Sau bakwai? Wa ya gaya miki?"

"Wa kake tsammani yake wanke farantin nan ya mayar maka bayan kabad? Aljanu?"

Ta rage wuta, ta juya faranti, ta dubi agogo. Da lokaci ya yi suka sauke kan injin a kan guntun katako a tsakiyar kicin. Ya ɗauko gaid na farko daga firiza, ya ɗora a bakin rami, ya kafa ƙarfen bugu a kai, ya ɗaga guduma. Nan hannun ya ci amanarsa. Ƙarfen ya shiga karkarwa, gaid yana shan zafi, daƙiƙu suna tafiya. In ya shiga a karkace, Gwaggo ta tafi sikeli. Ya ji kunya, ya ji tsoro, irin tsoron da bai taɓa ji a gaban inji ba.

Ta naɗe hannu da tsumma, ta durƙusa, ta karɓi ƙarfen ta riƙe shi cak, shi kuma ya kama gudumar da hannu biyu.

"Buga," ta ce. "Amma in ka sami yatsana, kai da Masinja da Gwaggo duk sikeli ɗaya za ku hau."

Bugu huɗu, gaid ya zauna. Na biyun ma huɗu. Ya ɗauko ma'auni ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya zauna a ƙasa ya jingina da kabad. Ita ta tashi ta buɗe tagogi tana mita wai gobe ma wani zai ce kek ɗinta na warin taya.

Sauran kwanakin ya yi su yana gyara mazaunin bawul, yana murza sanda tsakanin tafukansa har ƙarfe ya kwanta a kan ƙarfe ba ko 'yar kafa. Ranar da wa'adi ya cika 'yar Masinja ta iso gareji da kayan aikinta a jiki, ta zaro farin hankici daga aljihu. Rabin layin sun taru. Aka tura Gwaggo ta tashi, ta yi ɗan tari na al'ada, sannan muryarta ta daidaita. Ma'aikaciyar jinyar ta tsuguna ta kara hankicin a bakin salansa, ta ce a murɗa, ta ce a saki, ta ce a sake. Masinja ya kau da kai, ya kasa kallo.

Ta miƙe ta warware hankicin. "Baba Makanike, fari ne tas."

"Kawo nan," ya ce. "Sai na auna."

Ya ɗaga shi saitin rana, ya juya gaba da baya, mutane na ta dariya, sannan ya gyaɗa kai. Masinja ya hau Gwaggo yana share ido da hannun riga wai hayaƙi ne ya shige masa, alhali babu hayaƙin. 'Yarsa ta tsaya tana kallonsa, sai ta tattare rigarta ta haye bayansa ta ce, "Baba, sauke ni a wurin aiki. A hankali fa." Rabonta da hawa wannan kujera tun tana 'yar makaranta. Mutum ɗaya ne bai ji daɗi ba, mai shagon nan na kan kwana, wanda ke ƙorafi har yau wai tun da aka gyara Gwaggo sauro ya dawo layin.

Kai ne, Sai-Na-Auna, ba ka taɓa yanke wa ƙarfe hukunci ba sai ka saurare shi. Kai ne ka mayar wa tsoho ƙafafunsa da hannun da ke rawa, kuma da ka kasa riƙewa ba ka ji girman kai ba, ka bari aka riƙe maka. Mun gode. Ke ma mai kek, da kika shekara talatin kina wanke faranti kina yin kamar ba ki gani ba, mun gode. Allah ya ba ku hutu mai daɗi, ya ƙara lafiya.

Ku kuma masu tasowa da sifana a hannu, da duk mai saurin cewa abu ya tsufa a kai shi sikeli, ko babur ne ko mai babur, ku dakata ku auna tukuna. Garejin zai rufe, amma gidansa na nan a bayan layi, kuma ya ce duk mai son koyo ya zo. Matarsa ta ce a zo ɗin, sai dai a wanke hannu a waje. Gwaggo kuwa kullum da safe tana gangarowa ta wuce ta ƙofar gidan, Masinja ya danna hon sau biyu, shanyar mata tana nan a kan igiya ba wadda ta motsa.