Mai Hira, Wa Zai Zauna Da Ni Ƙarƙashin Ƙyallen?

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran ma'aikaciyar jinya ta sashen tiyatar ƙwaƙwalwa, wadda mu marasa lafiya muka laƙaba wa Mai Hira. Ban ji da wuri ba. Sai da na je a sa mini ranar tiyata ta biyu, na tarar da kujerarta babu kowa. Likita ya cire tabarau ya gaya mini, ya ce ciwon bai ba ta lokaci ba.

Yaya nake ce miki tun ranar farko, haka kuma zan kira ki yau.

Ni mai aski ne, rabin sana'ata da baki nake yin ta. Matata takan ce ko a barci ba na yin shiru. Kwatsam sai kalmomi suka fara guduna. Ga almakashi a hannuna, ina kallonsa, amma sunansa ya ƙi zuwa. Aka yi ta yawo da ni, wannan ya ce hawan jini, wancan ya ce gajiya, kawuna ya rantse sammu ne. Sai da na yanke jiki na faɗi a shago da reza a hannu sannan aka tura ni hoton ƙwaƙwalwa.

A can na fara saninki. An tura ni cikin bututun injin nan, rufinsa a saitin hancina, ga ƙara, an kuma ce kada in motsa. Na yi ta ihu a fito da ni. Kika leƙo kika ce, "Malam mai aski, kai da kake sa mutane su ƙame a ƙarƙashin reza, yau an rama musu." Kunya da dariya suka kama ni lokaci guda. Kika riƙe babban yatsan ƙafata, ba ki sake shi ba har aka gama.

Hoton ya nuna ƙari, irin wanda likita ya ce ba kasafai ake ganinsa ba, ya kwanta daf da inda magana take fitowa. Ya ce za a buɗe kan, amma dole a tashe ni a tsakiyar aikin in yi ta magana, don ta haka kaɗai za su san inda wuƙa za ta tsaya.

Ranar aikin na farka kaina a ɗaure cikin ƙarfe, babu damar juyawa, an lulluɓe ni da koren ƙyalle. Ina jin motsin mutane a bayana amma ba na ganinsu. Duniyata duka ba ta wuce taƙi ɗaya ba, kuma babu kowa a cikinta sai ke, kin sunkuyo, hannunki a cikin nawa. Kika nuna mini hotuna ina faɗin sunayensu. Da suka ƙare kika ce, "To, ba ni labarin mai sanƙon nan da ke zuwa aski duk mako." Ina tsakiyar labarin maganar ta yanke. Ina sane, ina ganinki, bakina ya ƙi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Kika ɗaga murya kika ce, "Likita, dakata." Ya dakata. Can sai kalmar ta dawo, na ƙarasa labarin ina kuka. A wannan wurin likita ya bar ɗan guntun ƙarin, bai taɓa shi ba.

Da na warke na yi miki ƙorafi, na ce da kin bari an kwashe shi duka an huta. Kika harare ni kika ce, "Ka koma gida babu ƙari, babu kuma bakin yi wa yaranka sallama?"

Shekarun da suka biyo baya, duk maganar da na yi albarkacin wannan dakatawar ce. Na koya wa autata cewa Baba. Na yi faɗa da matata, na kuma ba ta haƙuri da bakina. Kika riƙa kirana in yi wa masu jiran tiyata aski. Na daɗe kafin in gane ba askin kike so ba. So kike su ga tabon kaina, su kuma ji surutuna.

Yanzu guntun nan ya girma, Yaya. Kalmomi sun sake fara zillewa, har wannan rubutun ma matata ce take cike mini gurabe. In an bar shi zai cinye maganar a hankali, in an taɓa shi yana iya tafiya da ita a take. Na juya, na sake juyawa, ban ga hanya ta uku ba. Ban amince da aikin ba sai da kika ce, "Ina nan, kujerata tana nan." Ga kujerar, ban gan ki ba.

Likita ya ce wadda kika koya wa aikin ita za ta zauna da ni. Ban raina ta ba, Allah Ya sani. Sai dai ke kin san shirun da nake yi don in ja numfashi, kin kuma san ɗayan, na yankewar magana. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da 'yan'uwanki, da likita da abokan aikinki, da duk wanda ya taɓa farkawa ƙarƙashin ƙyallen nan ya ga fuskarki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Yadda kika ɗebe mana kewa a wuri mai ƙunci, Allah Ya yalwata miki kabarinki, Ya haskaka shi, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki.

Ranar Litinin za a shiga da ni. Na riga na gaya wa ɗalibarki labarin da zan bayar a ƙarƙashin ƙyallen, naki ne. Ban sani ba ko zan kai ƙarshensa. Shi ya sa yau na tara yarana a tsakar ɗaki, na faɗa da ƙarfi tun bakina yana iyawa: Allah Ya jiƙan ki, Yaya.