Kawu da Hasumiyar Bakin Teku

Jiya na buɗe wani kwali a gidana na Alexandria, ƙanshin tsohuwar takarda ya bugi hancina, sai na tuna Kawu, yayan mahaifiyata.

Wata bazara muka kai shi bakin teku, ya ga doguwar hasumiyar siminti mai tsukakkun tagogi. Da ya ba abokansa na garin Landover labari, suka ce tankin ruwa ne. Shi kuwa ya dage cewa wurin gadi ne, daga nan ake hango jiragen ruwa. Ganinsa ya fara raguwa, don haka ya matsa mini mu je gidan adana tsofaffin takardun gwamnati tun yana iya gani da kansa.

Ɗakin da sanyi, shiru tsit. Al'adarsa ce kafin ya taɓa kowace takarda ya goge hannu a rigarsa, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida." Muka yini muna juya taswirori. Wajen la'asar na zaro wani hoto: hasumiyar ce, da samarin sojoji a samanta, ɗaya riƙe da madubin hangen nesa.

Ya kai hoton dab da fuskarsa. "Allahu akbar! 'Yata, ita ce wallahi!"

Ma'aikaciyar wurin ta ɗora yatsa a baki, amma ita ma dariya take. A jirgin ƙasa, kan hanyar komawa gida, ya dinga kiran abokan a waya ɗaya bayan ɗaya: "Alhaji, tankin naka da sojoji a kai!"

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ka yi irin wannan murnar ranar da za a miƙa maka littafinka a hannun dama.