Ranar da Na Tashi Korar Shirwa da Jirgi

Ina gaishe da masu karatu. Kafin in faɗi abin da ya same ni, ya kamata ku san da wa kuke magana. A duk Garwa, daga bakin gadar Binuwai har Pumpumre, in ana zancen kilishi to ni ake nufi. Ni ne mai yanka nama ya yi shara-shara har ka karanta jarida ta cikinsa. Na sha faɗa a majalisa cewa da za a ba ni jirgin sama da safe, kafin la'asar na kai alhazai Jidda na dawo na sauke kilishi daga wuta. Mutane suna dariya, ni kuwa a zuciyata na yarda da rabin maganar.

Mu masu kilishi muna da fili guda bayan rumfunanmu, duk yashi ne, kowa da gadajensa na kara inda yake shanya nama. Wanda gadajensa ke jikin nawa abokin wasana ne, kakansa Bazazzagi, nawa Bakano, tun muna samari muke tsokanar juna. Bai taɓa kirana da sunana ba sai Tulu, saboda tumbina, ni kuma in ce masa Tsinke. Ranar da bai zage ni ba, abinci ma ba ya yi mini daɗi. Maƙiyinmu ɗaya ne, shirwa. Kana juya baya ta sauko ta ɗauke tsoka ta bar ka da kallon sama.

Wani zuwa biki da na yi Maruwa na ga mai hoto yana tashin ɗan ƙaramin jirgin nan mai farfela huɗu, wanda suke kira dron. Nan take dabara ta faɗo mini: in shirwa ta ga tsuntsun da ya fi ta ƙara, ai sai ta yi ƙaura zuwa Cadi. Na sayi na hannu a wurin wani mai shago. Bawan Allah ya tsaya yana yi mini bayani, wai a fara koyo a fili inda ba kowa, kada a tashe shi a kan mutane, a cika batir, a kula da iska. Ni kuma ina ta katse shi da labarin yadda na koyi tuƙa moto, wato babur, a yini ɗaya. Takardar bayanin ma da Faransanci take, kafin sati ya zagayo na naɗe wa wani kilishi a ciki.

Na zaɓi ranar da filin ya cika, don me amfanin bajinta in ba 'yan kallo? Ranar ce kuma abokina ya shanya kilishin bikin 'yarsa ta fari. Da kansa ya je kara, kasuwar shanu, ya zaɓi sa, da kansa ya dama labu, wato haɗin ƙuli-ƙuli da yaji da ake tsoma naman a ciki, ya jera shi jiƙe a kan gadaje yana kallonsa kamar jariri. Da ya ga na fito da jirgi sai ya ce in bari sai an kwashe shanya. Na ce masa Zage-zagi dama tsoron duk abin da ya wuce jaki suke yi.

Tashin farko lafiya lau, har aka yi mini tafi. Shirwa kuwa maimakon su gudu sai suka taru, har da waɗanda ban taɓa gani ba, ina jin tun daga garin Poli aka kira su. Ɗaya ta kai masa bugu, jirgin ya juya ya fuskance ni. Daga nan duniya ta rikice. In na tura hagu ya tafi dama, in na tura dama ya tafi hagu, in na ce zo ya ƙara gaba. Na ɗaga kai, rana ta cika mini ido, hulata ta faɗi. Na duba wayar da ke maƙale a jikin abin tuƙin, mai nuna abin da jirgin yake gani daga sama, ban gane komai ba: gadajen da na sani tun ƙuruciya sun zama kamar akwatunan ashana, ban san nawa ba ban san na wani ba. Sai wani ƙaton mutum mai sanƙo da na gani a tsakiya yana ta juyi wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure. Na yi ta ihu a ce wa wawan nan mai sanƙo ya matsa, yana rikita ni. Ba wanda ya matsa. Wayar ta fara ƙara, tana rubutu da ja, ni kuma ina danna duk abin da yatsana ya samu ina salati.

Ashe batir ne ya ƙare, jirgin ya fara sauka da kansa. Kuma duk faɗin filin nan bai ga wurin sauka ba sai gefen gadajen abokina. Iskar farfelarsa ta tashi yashi ta watsa shi a kan jiƙaƙƙen labu, gado bayan gado. Abokina ya rugo yana kaɗa riga don ya kore shi, farfela ta tsaga masa gira. Nan take jini ya rufe masa ido. Wasu ne suka ɗora shi a moto zuwa asibiti. Allah ya tsare idon, amma an yi ɗinki, kuma kilishin da yashi ya shiga ko kare sai ya yi tunani.

Sarkin fawa ya kira ni ya wanke ni tas. Wani jandarma da ya ji labari ya tambaye ni takardar izini, ya ce ko na san filin jirgi ba nisa, kuma a garin nan ba a wasa da abin da ke tashi sama. Ni kuwa ban taɓa jin ana neman izinin korar shirwa ba. Da roƙon manya na tsira da gargaɗi. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abokina ya daina ce mini Tulu. Aka yi biki yana da filasta a goshi, baƙi suka watse ba kilishi. Kullum da safe sai ya gaishe ni cikin ladabi, ina kwana Alhaji, ya iyali Alhaji. In na ba shi haƙuri ya ce ba komai Alhaji. Na kai masa nama ya yi godiya ya raba wa maƙwabta. Da mari ya yi mini da na fi sanin inda zan sa kaina.

Shi ya sa na rubuto. Duk wanda ya sayi abin nan, ya zauna a koya masa, ya tambayi hukuma inda aka yarda da inda aka hana, ya tafi fili nesa da mutane da dabbobi da abincin jama'a. In idonka bai ganinsa sosai ko ranka ya fara rikicewa, sauke shi tun da sauran batir. Kuma in wanda ya san ka ya ce bari, to ka bari. Har yau ban gama gane yadda hagu ta koma dama ba, amma na gane abin wasa ne a hannunka kawai, a kan wani kuwa wuƙa ce mai tashi.

Kwanan baya, bayan an kwance ɗinki, ya zo rumfata ya ce yana son ganin hoton bidiyon da jirgin ya ɗauka ranar. Ni ban taɓa iya buɗe shi ba. Muka zauna ya buɗe shi a wayar yana kallo. Da aka zo kan mai sanƙon nan sai ya tsayar, ya dubi waya, ya ɗage hulata ya dubi kaina, ya ce, "Tulu, tun muna samari nake gaya maka kanka kamar kifaffiyar ƙwarya, ka ƙi yarda, sai da ka sayi jirgi ka leƙo daga sama ka zagi kanka da bakinka."