Ungozoma a Ƙofar Kasuwa

Shekara talatin da ɗoriya mahaifiyata ta yi tana karɓar haihuwa a unguwarmu. Da gwiwa ta fara yi mata gardama muka ce ta huta, ta kuma huta ɗin, wata takwas cur. Sai bam ya tashi a kasuwar da nake sayar da zare da maɓalli, ya kashe mutum goma sha ɗaya, har da mai gyaran takalmin da ke jikin rumfata.

Bayan nan shugabannin kasuwa suka toshe ƙofofi aka bar guda ɗaya, aka sa masu gadi biyu da na'urar nan mai ƙara idan ta ji ƙarfe. Mata suka ce ba namijin da zai taɓa su, kuma da gaskiyarsu. Aka nemi mace aka rasa, don kowa ya san idan abin ya zo, mai binciken ce zai fara ɗauka. Ina zaune a rumfa aka zo aka ce min wai Inna ta je ta ba da sunanta.

Ranar na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce, “Inna, duk matan garin nan an rasa sai ke? So kike ki mayar da mu marayu?”

Ta ce, “Ke da jikoki suka kusa zuwa miki, wane maraici? Rabin masu shiga kasuwar nan ni na yanke musu cibiya. Wa za su bari ta taɓa su in ba ni ba?”

Kwana uku jami'an tsaro suka yi suna koya musu aiki: kada a bar mutane su cunkushe a ƙofa, kayan da ba a san mai su ba kada a taɓa, a janye jama'a a kira hukuma, wanda hankali bai kwanta da shi ba a yi masa magana daga nesa. Inna ta haddace tsaf. Mu ma a gida ba mu tsira ba, kana ajiye leda a tsakar gida za ka ji, “Kayan wane ne wannan?”

Aka yi mata ɗan ɗaki na labule da benci. Mata suka sa mata suna Lalube. Tana shafa ki tana tambayar tarin yaronki, tana yi miki faɗan rashin zuwa awo. Wata mai sayar da kwanuka ta shiga a bincike ta, ta fito da labarin tana da ciki wata biyu, ita kanta ba ta sani ba. Mutane suna dariya, ni kuwa kullum da fargaba nake buɗe rumfa, don daga inda nake ina hango bayanta.

Wata Laraba da hantsi wata baƙuwar yarinya ta tsaya a gaban ƙofa, mayafi har ƙasa, gabanta ya yi tudu. Gumi take yi, ta riƙe ciki da hannu biyu, an yi mata magana ba ta amsa ba. Wani ya ce, “Bam ne.” Nan take wuri ya hargitse, masu gadi suka ja baya, wasu samari suka fara tsintar duwatsu. Na ruga na kama hannun Inna.

Ba ta ko kalle ni ba, ta ce, “Je ki wajen mai shayin ƙarshen kasuwa ki karɓo min ruwan zafi. Maza.”

Muryar da take kora mu waje da ita ce idan haihuwa ta zo, tun muna yara ba ma yi mata musu. Na tafi da gudu.

Abin da ya biyo baya, mai kwanuka ce ta ba ni labari. Inna ta sa aka janye kowa can nesa, ta sa aka kira jami'ai, ta ce wa samarin duk wanda ya yi jifa ta san uwarsa. Daga inda take tsaye ta ce, “'Yata, tun yaushe ya fara murɗa miki?” Da ƙyar yarinyar ta ce tun asuba, asibiti za ta, mota ta sauke ta a nan. Inna ta ce ta ɗaga hannuwa ta yaye mayafin. Yarinyar ta kasa, sai ta durƙushe. Inna ta taka ta je.

Kafin in dawo da butar ruwan zafin, jaririya tana kuka a bayan labule.

Bayan an kai su asibiti, na sami Inna zaune a bencin ita kaɗai, ko hannu ba ta wanke ba. Na zo da faɗana a baki, amma abin da ya fito daban.

“Inna, ga mai shayi nan a bakin ƙofa. Me ya sa kika tura ni har ƙarshen kasuwa?”

Ta ce, “Na ga ƙafarta a kumbure, na ga yadda take jan numfashi. Na ce a raina naƙuda ce. Amma ido yana kuskure. In na yi kuskure, ban so a kwashe mu tare.”

Na zauna a ƙasa gabanta. Ruwan butar bai gama hucewa ba, na zuba a kwano, na kama hannuwanta ina wanke mata, ina kuka. Ta bar ni na wanke har gwiwar hannu.