Mai Facin da Ya Ci Goma Bisa Goma

Yau kwana goma sha biyu da muka kai Mai Faci makwancinsa, amma har yanzu in na ɗaga kai daga keken ɗinki, idona wajen bahonsa yake tafiya. Shekara goma sha tara rumfarsa na jingine da shagona. Ni tela ne, na yi firamare na tsaya. Shi ko ƙofar aji bai taɓa tsallakawa ba.

Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya cin maganar baki. In ka kawo taya ka rantse ba ta yoyo, sai ya ce, "Ba da kai nake ba, da ita nake." Ya zaro tiyub, ya hura masa iska, ya tsoma a bahon nan mai baƙin ruwa, ya zuba ido ko kumfa za ta taso. Ko facin da ya yi da hannunsa sai ya tsoma. Abu ɗaya ne a duniya bai tsoma a ruwa ba, makarantar 'yarsa.

Ita kaɗai Allah ya bar musu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Tana makarantar gwamnati da ke bayan layinmu. Kullum da la'asar za ta kawo masa abinci da littafin aikinta, ya goge hannu a wando, ya bi shafi yana ƙirga inda malama ta sa jan biro.

"Tela, bakwai yau!"

"Madalla," in ce, ko kai ban ɗaga ba. 'Ya'yana huɗu na makarantar nan. Na san awon wandon kowannensu, amma ban taɓa buɗe jakar ko ɗaya ba.

Tana aji biyar tari ya kama shi. Ya dawo daga asibiti da wata takarda, na ce kawo in duba maka, ya ce, "Kai da wa? Ina da 'yar boko a gida." Da ta zo ya miƙa mata yana washe baki. Yarinya ta juya takarda gaba, ta juya baya.

"Baba, ba a yi mana wannan ba."

"To, wanne aka yi muku?"

Ta buɗe littafinta ta fara rerawa daga sama kamar ruwan famfo. Ya ɗora babban yatsa a tsakiyar shafi ya ce, "Wannan ɗaya fa?" Sai hawaye. Ga rubutu kyakkyawa kamar na inji, ashe kwafar allo take yi yadda nake kwafar ɗinkin riga a hoto.

Bai yi mata faɗa ba. Ya dai tambaye ta ko akwai aikin gida, ta ce akwai: a rubuta sassan jikin mutum guda goma. Ya ce ta kawo biro. Ya mirgino wata tsohuwar tayar tirela, ya durƙusa gabanta, ya shiga zana abin da ke rubuce a gefenta, harshe a waje, gumi na ɗiga. Layi goma cif.

Na ce, "Abokina, me kake yi?"

Ya ce, "Tsomawa nake."

Washegari littafi ya dawo da jan biro daga sama har ƙasa, goma bisa goma. Ya kawo mini na karanta masa abin da malama ta ƙara a ƙasa: "Da kyau, a ci gaba da ƙoƙari."

Ya kuwa ci gaba da ƙoƙari. Sati uku shi ke yin aikin gida. Lissafi ya amsa shi da galan ɗin baƙin mai, tarihi da kwalin gam ɗin faci. Sau ɗaya kawai ya ci tara, ranar da hannunsa ya ɓata shafi da maiƙo. Direbobi suka koma kiransa Farfesa. Yana dariya tare da su, amma ni da na san shi, na ga abincin da yake mayarwa gida ba a taɓa ba.

Ana nan aka kira taron iyaye da malamai. Makaranta mai yara sama da dubu, mu ashirin da uku muka je, rabinmu don an ji ƙishin-ƙishin za a raba wani abu. Shugaban iyaye wani ɗan kasuwa ne da 'ya'yansa ke makarantar kuɗi. Na hedimasta ma can suke, mota ɗaya ke ɗaukarsu. Awa biyu aka kwashe kan kalar safar da yara za su riƙa sawa. Ana shirin tashi Mai Faci ya miƙe da littafi a hannu.

"Ranka ya daɗe, kujerata na zo nema a aji shida."

Hedimasta ya ce, "Baba, ban gane ba."

"Ai na ci ne. Ga shi, da jan bironku."

Ya sa ni na fito gaba na karanta sassan jikin mutum, na jero musu girman tayar tirela da nauyin da za ta iya ɗauka. Wuri ya ɗauki dariya, har shugaban iyaye na dukan tebur. Malamar aji biyar ce kaɗai ba ta yi ba. Ta miƙe ta dube shi.

"Baba, yara ɗari da goma sha huɗu ne a ajina. In na ce sai na karanta kowane littafi, zan yi ritaya ban gama na zangon farko ba. Shekarata tara a nan, kai ne uba na farko da ya kama ni. Cikinku wa ya taɓa buɗe jakar ɗansa?"

Nan take na gano takalmina na buƙatar gyara, na duƙufa kallonsa.

Mai Faci ya ce, "Malama, gaskiyarki. Amma ni in tayoyi suka yi mini yawa, cewa nake mai mota ya jira. Ba na hura masa iska in ce Allah ya kiyaye hanya."

An ɗauki mataki, kada a ce ba a ɗauka ba. Aka kafa kwamiti, aka kuma aiko wa kowane gida takardar hana iyaye rubutu a littattafan yara. Yaran ba su iya karanta ta ba, iyayen ma haka, sai shagona aka yi ta kawowa.

Ranar da takardar ta iso ya mirgino taya tsakanin rumfarsa da shagona ya ce, "Ga benci. Tela, firamarenka ta isa." Na ce ina da ɗinkin mutane. Ya ce, "Shekara goma sha tara kana ce musu gobe, ƙara musu jibi." Haka na zama malami, da allin awo a jikin ƙofar shago. Uwata a gaba, nawa huɗu a baya, don su ma da na tsoma su, kumfa har ido.

Wata bakwai muna yi, tari na cinsa. Kullum sai ya tambaye ni, "Ta iya?" In ce ta kusa. Ya ce, "Kai tela ne, kusanka ba shi da rana." Bai yarda da bakina ba, kuma ba shi da yadda zai gwada da kansa.

Da aka kwantar da shi a asibiti, wata ranar da hantsi ya ce wa matarsa ta ciro tsohon littafin daga ƙarƙashin filo. Ya miƙa wa yarinyar da jan biro.

"Uwata, duba mini aikina."

Ta sa yatsa, tana haɗa baƙaƙe a hankali. Can ta ɗago.

"Baba, wannan ai lambar taya ce! Ba hannu, ba ƙafa."

"Na gaba fa?"

"Wannan baƙin mai ne. Lita huɗu."

"Nawa na ci?"

Ta dube ni, ta dubi uwarta, sannan ta zana masa ƙaton sifili.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, nas ta leƙo tana harararmu. Da ya samu numfashi ya kamo hannuna.

"Tela, ka gani? Yau aka fara karanta rubutuna."

Bayan kwana biyu ya cika. Littafin na nan a aljihun kekena, matarsa ta ce in riƙe. Bahon kuma na hana a zubar da ruwansa tukuna. La'asar ta yi, ga Uwata can ta zauna a kan taya tana jirana.