Zaɓin Malam Ja'afaru

Badi'a 'yar Malam Ja'afaru ce, wani manomi a Mainika. A gidansu ita ce ta yi nisa a boko. Ta fara da ilimin halayyar ɗan Adam, daga baya ta karanta shari'a. Da ta dawo ba ta bi kotu ba, sai ta kama ɗan ofis a Gwarzo tana sulhunta iyalai, galibi a kan tsofaffi: wa zai riƙe uwa, wa zai noma gonar uba tun yana da rai. Har daga Kabo ake zuwa wurinta.

Mijinta Uwaisu ma'aikacin asibiti ne. Da aka mai da shi Kaduna, wata cibiyar sulhu a can ta ce za ta ɗauki Badi'a. Ta fara haɗa kaya ke nan Allah ya yi wa mahaifiyarta rasuwa. Malam Ja'afaru ya rage shi kaɗai, ga mantuwa ta soma kama shi. Ran nan aka tsince shi a hanyar gona ba takalmi, yana cigiyar matarsa.

Wanta Tasi'u, mai shagon taki a Durun, ya ce zai ɗauke shi. Yayarta Kamila ta ce gona Tasi'u yake hange, Baba wurinta zai koma a Unguwar Tudu. Har gaisuwa suka daina.

Tasi'u ya ce, "Badi'a, kina raba na wasu, ki raba namu."

"Yaya, ni 'yar gida ce. A nemo wani."

Kamila ta ce, "Bare ba zai ji sirrinmu ba."

Dole ta karɓa, amma ta ce sai an ji ta bakin mai maganar. Ta san da safe hankalinsa ya fi dawowa, don haka ta shiga ɗakinsa bayan ya sha koko.

"Baba, ina kake so ka zauna?"

"A ɗakina. Ba Durun, ba Unguwar Tudu. Ke dai ki zauna da ni."

"Baba, Uwaisu fa yana Kaduna."

"Allah ya yi masa albarka. Ke na ce."

Su biyu ne a ɗakin. Da a ce ta fito ta ce tsohon ba ya cikin hayyacinsa, da babu mai musa mata. Amma ta ga idonsa, ta san ya san abin da yake faɗa. Ta faɗa musu yadda ya ce. Nan take Tasi'u da Kamila suka shirya, har da raha.

Uwaisu ya yarda ta zauna na ɗan lokaci, ya tafi da manyan yaransu. Cibiyar ta jira, ta gaji, ta ɗauki wata. Yanzu kullum Badi'a tana fita Gwarzo da hantsi, ta dawo kafin la'asar, don da yamma ne Baba yake rikicewa.

Bara ta sake tara 'yan'uwanta ta ce a duba lamarin. Tasi'u ya ce, "Ai ke kika jiyo daga bakinsa. Ki sake tambayarsa."

Ba ta da wanda za ta tambaya. Malam Ja'afaru ya daina gane ta. Hajjo yake kiranta, sunan ƙanwarsa da ta rasu tun tana budurwa, kuma in ba ta amsa ba, ba ya cin abinci.